Yadda Ake Tantance Ginshiƙin Baya a Ƙwallon Ostireliya da Yadda Ake Rainonsa

A ƙwallon Ostireliya babu wanda ake ɗora wa laifin da ba nasa ba kamar dogon nan da ke tsaye a gaban turakun gida. Da zarar babban ɗan gaban abokan karawa ya ci gol 5, kowa shi zai nuna da yatsa. Ba mai tambayar yadda aka bar 'yan tsakiya suna ɗaga kai suna zaɓar inda za su ajiye ƙwallo ba wanda ya matsa musu. Ranar kuma da aka yi ta wuce shi amma iska ta riƙa karkatar da bugun mutuminsa, sai ka ji ana cewa ya ƙulle shi. Kocin da ke auna ɗan baya da allon maki zai sallami na kirki ya riƙe na banza. Abin da ya kamata a auna shi ne inda ya tsaya kafin a bugo ƙwallo, da shawarar da ya yanke tana sama.

Ga wanda bai saba da wasan ba: kowane ɓangare 'yan wasa 18 ne, a fili mai siffar ƙwai da tsawonsa ke kamawa daga mita 135 zuwa 185. Turaku 4 ne a kowane ƙarshe. Ƙwallon da aka buga da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen biyun na tsakiya maki 6 ce, ta gefe kuwa maki 1. Sai cafka: wanda ya kama ƙwallon da aka bugo da ƙafa daga nisan mita 15 ko fiye, ba ta taɓa ƙasa ba kuma ba wanda ya taɓa ta a hanya, to an ba shi dama ya ja baya ya yi bugunsa cikin natsuwa. Idan dogon ɗan gaba ya cafke a mita 30 daga turaku, kusan an gama magana. Hana wannan cafkar shi ne abincin ginshiƙin baya.

Mataki na 1: Ka san irin wanda kake nema

Iri biyu ne, kuma da wuya ka samu mutum ɗaya da ya haɗa duka. Akwai mai ƙulle, wanda za ka ce masa "ga mutuminka," ya manne masa tun daga busar farko har ta ƙarshe, ko sau 6 kacal ya taɓa ƙwallo bai damu ba. Stephen Silvagni na Carlton, wanda aka zaɓa a 1996 a matsayin mai tsaron bakin turaku na tawagar gwanayen ƙarni, sunansa ya fito ne daga irin wannan aikin a zamanin su Tony Lockett, mai gol 1,360. Akwai kuma mai tare hanya, wanda ke karanta bugun tun daga ƙafar mai bugawa, ya saki mutuminsa ya je ya cafke a gaban wani. Jeremy McGovern na West Coast da Tom Stewart na Geelong su ne misalin da kowa ya sani.

Kafin ka fita neman kowa, duba abin da ke hannunka. In kana da mai tare hanya, abin da ya rage maka mai ƙulle ne, ko da kuwa wani mai tare hanyar ya fi burge ka. Melbourne ta ci kofi a 2021 da Steven May yana riƙe da mafi haɗarin 'yan gaba, Jake Lever kuma yana shawagi yana tsinke ƙwallaye. Biyu masu shawagi a baya ɗaya, kowa zai tafi ya bar wa ɗan'uwansa aikin da shi ma ya tafi ya bari.

Mataki na 2: Kalle shi daga bayan turaku

Kada ka zauna a gefen fili, kuma kada ka dogara da hoton talabijin, domin kyamara ƙwallo take bi. Je ka bayan turaku, ka hau sama in akwai wurin hawa, ka manta da ƙwallon gaba ɗaya. Idonka a kan yaron.

Kowace shigowar ƙwallo cikin da'irar mita 50, wato layin da aka zana a nisan mita 50 daga turaku, kashi uku ce, kuma kowane kashi da tambayarsa. Kafin bugu: yana taɓa mutuminsa da hannu ko kafaɗa, ko ya bar tazarar taku uku? Kansa yana juyawa tsakanin ƙwallo da mutum, ko ya ƙura wa abu ɗaya ido? Tana sama: ya fara motsi tun ƙwallon na barin ƙafa, ko sai da ɗan gaba ya zabura sannan ya bi? Ya je cafka ne a inda ya kamata ya kai wa ƙwallon naushi? Bayan ta faɗi ƙasa: ya tsaya a kan ƙafafunsa, ko yana kwance yana kallon wani ƙaramin ɗan gaba ya kwashe? Wannan na ukun shi mutane suka fi mantawa. Ƙwallon nan ba zagayayyiya ba ce, in ta dira ba wanda ya san inda za ta nufa, kuma dogon da ke zubewa bayan kowane tsalle ya bar ƙungiyarsa da mutum 17.

Riƙe littafi. Kowace takara ka rubuta ɗaya daga cikin uku: ya ci, an yi kunnen doki, an ci shi. Kunnen doki, wato ƙwallon ta faɗi ƙasa ko ta fita waje ba wanda ya cafke, riba ce ga ɗan baya. Kusa da kowace ka ƙara alama ɗaya: mai bugun yana cikin matsi ne ko a sake yake? Idan aka ci shi sau 4 kuma duk huɗun mai bugu a sake yake yana aiko ƙwallo daidai ƙirji, matsalarka tana tsakiya. Idan kuwa ana cin sa a kan dogayen ƙwallayen da aka lulo sama a gigice, waɗanda ya kamata a ce nasa ne, to nan akwai magana.

Wasa ɗaya ba ya isa. Ka gan shi da ƙato mai kokawa, ka gan shi da siriri mai gudu, ka gan shi cikin ruwan sama. Mafi muhimmanci, ka gan shi a mintoci biyar da suka biyo bayan an ci gol a kansa. Wani zai sunkuyar da kai ya fara riƙe riga, wani zai ja baya don tsoro ya ba da tazara, wani kuwa zai koma ya tsaya daidai inda ya tsaya ɗazu kamar ba abin da ya faru. Na ƙarshen nan shi kake nema, domin sauran abubuwan duk ana koyarwa.

Mataki na 3: Alƙaluma da gwajin jiki

A babbar gasar AFL kamfanin Champion Data ne ke tattara alƙaluma. Waɗanda suka shafe ka su ne yawan takarar mutum da mutum da kason da aka ci shi, yawan naushin da ya ɓata cafka, da yawan cafkar tare hanya. Yawan taɓa ƙwallo kuwa ruɗi ne: ɗan baya na iya tara 25 daga gajerun bugun gefe da ba su kai kowa ko'ina ba. Ko yawan naushi ma a yi hattara da shi, domin ƙungiyar da ake yi wa ruwan ƙwallaye dole 'yan bayanta su tara lamba.

A gwajin matasa na shekara ana auna gudun mita 20, da kaucewa tsakanin sanduna, da tsalle a tsaye da na guje, da gudun kilomita 2. Ga ginshiƙin baya, taku biyar na farko da saurin juyawa sun fi komai. Tsawo yana da amfani, Harris Andrews na Brisbane ya kai kusan mita 2, amma tsawon hannu ya fi tsawon jiki aiki. Dustin Fletcher ya buga wa Essendon wasa 400 daga 1993 zuwa 2015, siriri ne, dogayen hannuwansa ne ke isa ƙwallo daga inda ɗan gaba ya ɗauka ya riga ya tsere. Leo Barry na Sydney kuwa gajere ne a wannan matsayi, amma shi ya shiga tsakiyar cincirindo ya yi cafkar da ta rufe wasan ƙarshe na 2005, Sydney ta ci West Coast da maki 4 bayan shekara 72 ba kofi.

Mataki na 4: Fara da ƙafa, ba ƙwallo

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne koci mai gaggawa ke tsallakewa. Saka su biyu a cikin akwatin bakin turaku, mai tsawon mita 9 da faɗin mita 6.4. Ɗaya ɗan gaba, yana yaudara hagu da dama, yana ja baya yana zabura. Ɗan baya kuma aikinsa ɗaya: kada damtsensa ya rabu da jikin mutumin, kada ƙafafunsa su harɗe. Daƙiƙa 20, a huta, a sake. Ka tsaya a gabansu kana ɗaga yatsu, ɗan bayan ya riƙa faɗin adadin da ƙarfi. Haka zai saba jin mutum da jiki alhali idonsa na kan fili.

Daga nan ka koya masa wuraren tsayuwa uku da lokacin kowanne. Idan mai ƙwallo a sake yake, yana da lokacin zaɓe, ɗan baya ya tsaya a kafaɗar mutuminsa ta ɓangaren tsakiyar fili, ya toshe hanyar da ta fi haɗari, ya bar masa ta bakin layi. Cafka a lungu, inda turaku suka tsuke, ba ɗaya take da cafka a tsakiya ba. Idan mai ƙwallo na cikin matsi, ana binsa, bugun zai zo gajere ko a karkace, sai ya shiga gaba. Idan kuwa ba kowa a bayansa sai ciyawa da turaku, ya koma ɓangaren gida, domin ƙwallon da ta tsallake kansa gol ce. Wannan sauyin yana faruwa sau uku ko huɗu kafin a yi bugu ɗaya, shi ya sa ɗan bayan kirki ba ya tsayawa cak.

Sai haɗa jiki. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san cewa wanda ƙugunsa ya fi ƙasa shi ke juya ɗan'uwansa, to haka abin yake a nan. Ya lanƙwasa gwiwa, ya sa damtse a haƙarƙari ko ƙugun mutumin, ya kawar da shi daga inda ƙwallon za ta sauka tun tana nesa. Lokaci shi ne sirrin. In ya yi da wuri, ɗan gaba zai gyara tsayuwa. In ya makara, alƙalin wasa na kallo. Tun 2019 an yarda ɗan wasa ya ɗora hannu a bayan abokin takara don kare wurinsa, amma turawa a baya har yau bugun tazara ne. Haka riƙe riga, da sare hannuwan mai cafka, da taɓa shi sama da kafaɗa. A atisaye ka riƙa busa waɗannan da tsanani fiye da yadda alƙali zai busa ranar wasa. Bugun tazara a bakin turaku kyautar maki 6 ce.

Mataki na 5: Naushi kafin cafka

Ƙa'idar tsohuwa ce kuma ba ta tsufa: in kana gaba ka cafka, in kana baya ka nausa. Yaro mai son a tafa masa zai so ya cafke komai, sai ya tashi daga baya da hannu biyu, ƙwallon ta zame ta faɗa hannun ƙaramin ɗan gaba. Ka hana shi cafka gaba ɗaya na wasu makonni in ta kama.

Naushin ma yana da ladabi. Ido a kan ƙwallo, hannu a dunƙule, a doke ta a tsakiya har hannun ya wuce, ba shafa ba. Ya iya da hagu ya iya da dama, ya zaɓi hannun da ba zai ratsa wuyan mutumin ba. Sannan inda za ta je: bakin layi, ko wurin da ɗan'uwansa yake, kada dai ta dawo tsakiya gaban turaku. Ka kafa mazugi biyu a kusa da layi, ka riƙa lulo ƙwallo daga mita 40, maki sai naushin da ya sauka tsakaninsu. Bayan kowane naushi ka jefa ƙwallo ta biyu a ƙasa nan take, domin ya saba dira a kan ƙafa ya ci gaba.

A bakin turaku, tura ƙwallo ta layin gidanku maki 1 ne ga abokan karawa, kuma ba da maki 1 ya fi ba da 6, amma ya san iyakar dokar. Bayan Hawthorn ta tura ƙwallo ta layin gidanta sau 11 a wasan ƙarshe na 2008 da Geelong, an kafa doka a 2009: wanda ya yi haka da gangan ba tare da matsi a kansa ba, bugun tazara ne. Naushi cikin takarar cafka ba laifi. Wanda ya samu sarari ya juya ya kai ta gida da kansa, shi ake kamawa.

Mataki na 6: Yaushe zai saki mutuminsa

Sai ya ƙware a waɗancan za ka buɗe masa wannan ƙofar. Saura 'yan mintoci a tashi wasan ƙarshe na 2018, Collingwood na gaba, aka aiko ƙwallo cikin da'irar West Coast. McGovern ya bar mutuminsa ya tashi ya cafke, ya buga wa Nathan Vardy, shi kuma ya aika wa Liam Ryan, Ryan ya samu Dom Sheed a lungu, Sheed ya ci. Aka tashi West Coast 79, Collingwood 74. Da ya makara da taku ɗaya, da mutumin da ya bari ne zai rufe wasan, kuma da yau wani labarin ake bayarwa.

Alamomin tafiya ana koyonsu. Mai bugu ya sunkuyar da kai, ana ja masa riga, yana bugawa da ƙafar da ba tasa ba, ko an matse shi a bakin layi ba shi da zaɓi sai doguwa: ƙwallon za ta yi sama ta daɗe, a tafi. Mai bugu ya ɗaga kai yana tafe a sake ta tsakiya: a zauna. Sharaɗi biyu ne ba sassauci. In ka tafi, dole ka taɓa ƙwallon, ko cafka ko naushi. Kuma kafin ka tafi ka yi kira, wani ya karɓi mutuminka. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wahalar a nan ƙungiya duka ke shan ta.

Atisayen da ya fi koyar da wannan shi ne 'yan baya 3 da 'yan gaba 3, mai bugu a mita 70, wani lokaci ka sa a bi shi, wani lokaci ka bar shi. Kada ka gaya musu wanne ke zuwa. Ka tuna kuma tun 2019 dokar 6-6-6 ta wajabta mutum shida-shida a kowace da'ira duk lokacin da za a tayar da wasa daga tsakiya, saboda haka ba ka da damar ajiye ɗan baya na bakwai a lokacin. Ko gwanin tare hanya dole ya iya tsayawa shi da mutuminsa.

Mataki na 7: Bayan ya ƙwace

Ba sai ya zama gwanin bugu ba. Ya iya gajere na mita 25 zuwa ƙirjin ɗan'uwa, ya iya dogo zuwa bakin layi inda dogon ɗan wasanku mai takarar ƙwallon sama yake, ya san cewa ratsa gaban turakunsa da ƙwallo sai in hanyar a buɗe take sarai. Ka sa shi yin waɗannan a gajiye, bayan takara, ba a farkon atisaye ba.

Mataki na 8: Haɗa shi da wanda ya dace, ka zauna da shi a kan bidiyo

Ɗan baya na iya zama nagari a ci shi don kawai an haɗa shi da wanda bai dace da jikinsa ba. A wasan ƙarshe na 2011 Travis Cloke na Collingwood ya ci gol 3 tun kafin hutun rabin lokaci. Geelong ta matsar da Tom Lonergan kansa, Cloke bai ƙara ci ba, Geelong ta ɗauki kofi. Tun ranar Alhamis ka san wa zai fara a kan wa, da wanda zai karɓa in abu ya ƙi, ka kuma gaya musu duka biyun don kada sauyin ya zo wa na farkon kamar hukunci.

Bayan wasa ka yanko takara 8 ko 10, masu kyau da marasa kyau. Tsayar da hoton daidai lokacin da ƙwallon ke barin ƙafa, ka tambaye shi, "Me ka gani a nan?" Ka yi shiru ya amsa. Wanda ya ce "na ga kansa a ƙasa, shi ya sa na tafi," ko da an ci shi a wannan karon, yana kan hanya. Wanda ya ci takarar amma bai san dalili ba, da sauran aiki. Ka saurari muryarsa a fili kuma: daga inda yake tsaye shi kaɗai ke ganin kowa, in bakinsa a rufe yake rabin amfaninsa ya tafi.

Mataki na 9: Ba shi shekaru, kuma ka duba inda wasu ba sa dubawa

Dogaye ba sa nuna da wuri. Richmond ta ɗauki Alex Rance a 2007, sai 2014 ya fara shiga tawagar gwanayen shekara, daga nan ya jera sau 5. McGovern ya yi shekaru a West Coast kafin ya buga wasansa na farko a 2014. Andrews shi ne na 61 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2014, ga shi ya zama kyaftin ya ɗaga kofi a 2024. Stewart yana da shekara 23 aka ɗauke shi a 2016, bayan Matthew Scarlett, tsohon ɗan bayan Geelong, ya gan shi a ƙungiyar unguwa ta South Barwon. Aliir Aliir, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, iyayensa 'yan Sudan ta Kudu, sai da ya koma Port Adelaide aka sakar masa mara ya riƙa tare hanya, ya shiga tawagar gwanaye a 2021.

Ka duba cikin 'yan gabanka ma. Liam Jones ya kusa rasa gurbinsa a Carlton yana ɗan gaba, aka mayar da shi baya a 2017 ya zama wani mutum daban. Darcy Moore ma a gaba ya fara, a baya ya jagoranci Collingwood zuwa kofin 2023. Dogon da ke karanta tashin ƙwallo amma ƙafarsa ba ta saiti a gaban turaku, gwada shi a baya wasa huɗu ko biyar a ƙaramar tawaga, a kan 'yan gaban da suka fi shi ƙarfi kaɗan, kafin ka yanke masa hukunci.

Wanda ke komawa da baya cikin cincirindo kansa ne a gaba wajen haɗari. A AFL wanda ya samu girgizar ƙwaƙwalwa ba ya dawowa wasa ƙasa da kwana 12, a gasannin unguwanni kuwa tun 2024 kwana 21 ne. McGovern kansa wannan matsalar ce ta sa ya ajiye wasa a 2025. Ka koya wa yaron juya kafaɗa da ɗaga gwiwa don kare jikinsa in zai tashi, ka koya wa abokansa su riƙa yi masa kira in wani na tahowa ta bayansa, kuma duk ranar da ya bugu a kai ka fitar da shi nan take, ko da shi ke riƙe da mafi haɗarin 'yan gaba kuma saura maki 3 tsakani.